Agogon bango da kalmar "ƙauyanci"

Wani Alhaji daga Panteka a Kaduna: Jama'a, na kai wa wani ɗan ƙasar Sin da nake sayen injinan niƙa a hannunsa kyautar agogon bango, sai ya ɗaure fuska ya ture shi gefe. Daga baya aka ce mini a wurinsu ba da agogo tamkar yi wa mutum fatan mutuwa ne. Alhali kafin in je sai da na karanta al'adunsu a irin kundin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa, ban kuma ga haka ba. Duk abin da kowa ke tsoma hannu a cikinsa ƙauyanci ne, ba ilimi ba.

Wata Hajiya daga Kawo: Alhaji, me ƙauye ya yi maka? A ƙauye aka koya mana durƙusawa a gaida manya, a can kuma aka hana mu miƙa abu da hagu, tarbiyyar da yaran birni suka watsar.

Wani malamin sakandare: Hajiya, a yi haƙuri mu koma kan batu. A 2005 mujallar Nature ta gwada maƙalolin kimiyya 42 na Wikipedia, wato kundin intanet ɗin da kowa ke iya gyarawa, da na Britannica, kundin ilimi da ƙwararru ke rubutawa, ta samu kusan kuskure 4 a kowace maƙala ta farkon, 3 a ta biyun, ko da yake Britannica ta ƙi amincewa da sakamakon.

Hajiya: Malam, ni ban tambayi Turawa ba. Alhaji nake jira ya janye kalmarsa.

Wani dattijo Bazazzagi: Abin dariya ma shi ne ɗan Kaduna, garin da Turawa suka kafa jiya-jiya a zamanin Gwamna Lugga, ya kira wani baƙauye.

Alhaji: Baba, da girmanka, ai a Kadunar nan kake karɓar fansho.

Bazazzagin: To, tunda an yi shiru, ga abin da aka cimma: kowa ya yarda Alhaji ya yi wa mutanen karkara rashin ladabi, kuma Zariya ta girmi Kaduna. Batun alƙaluman Malam babu wanda ya goyi bayansa.

Malamin: Baba, ba wanda ya ma karanta su.