Rage antibiyotik ga majinyacin da cutarsa ba ta jin magani

Mai tambaya daga Birni: Assalamu alaikum. Mahaifina yana kwance a asibiti a nan Damagaram da ƙwayar cutar da ba ta jin magani, amma likita ya dakatar da ɗaya daga cikin alluran antibiyotik biyu. Shin hakan daidai ne?

Likita: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bayan awa 48 zuwa 72 da fara magani, idan sakamakon gwaji ya nuna ainihin ƙwayar, ana ci gaba da maganin da ke kashe ta kaɗai, domin ragowar yana iya wahalar da ƙoda, kuma yana ba wasu ƙwayoyin damar bijire wa magani.

Ma'aikaciyar jinya: Ina roƙonku kada ku sayo ƙarin allura daga waje. Allah ya ba Baba lafiya.