Tankin Auta: Lita 1,280 a Saman Ɗakin Kaka

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mma ta ce ba za ta ba ni amsa ba sai na kawo maganar gaban dangi, to ga ta. Ina so in haɗa tankin kifin ado na gilashi a ɗakina na sama, tsawo mita 2, faɗi santimita 80, zurfi santimita 80. Kuɗin da na tara a gyaran waya hutu biyu zan sa, ba zan roƙi kowa ko pesuwa ɗaya ba. Masu kiwon kifi sun ce babban tanki ya fi ƙarami sauƙin riƙewa ga mai koyo, shi ya sa ban ga dalilin farawa da ƙarami ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗakinka na sama, wato wanda yake kan ɗakin Kaka?

Auta: Shi ne, Kawu.

Kawu: To zauna mu yi lissafi irin na magina. Abin da ka faɗa lita 1,280 ne, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Ruwan kawai ya kai buhun siminti 25 da ɗoriya. Sa gilashi, sa yashi da duwatsu, sa teburin ƙarfe, ka doshi kilo 1,700, buhu 34 ke nan. Duk a kan wurin da bai kai girman katifa ba. Benen zama ana lissafa masa kilo 150 zuwa 200 ne a kan kowace murabba'in mita, kai kuma kana maganar fiye da 1,000. Gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi kuwa ina yaro aka zuba benensa, babu wanda ya san irin rodin da ke ciki.

Goggo: Inna lillahi! A kan tsohuwa? Kai Auta, wane ne ya sa maka wannan a kai?

Yaya: Ranku ya daɗe, a yi haƙuri in sa baki, don maganar da ya kawo ba ƙarya ba ce. Abin da muke karantawa ke nan a Tech, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Kifi yana fitar da amoniya ta huhunsa na gefen kai da kuma kashinsa, ita kuma guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a cikin matata, wato na'urar tace ruwan tanki, su juya ta zuwa naitarait, wasu kuma su juya wannan zuwa naitaret, wadda ba ta da illa sosai. Kafin su yi yawan da za su iya aikin sai an yi mako 4 zuwa 6. A kwano mai lita 20, abinci kaɗan ya yi yawa, kafin gari ya waye ruwa ya lalace. A lita 1,000 kuskuren guda ba zai ko motsa ruwan ba. Haka zafi da sanyi: daren hunturu ƙaramin ruwa ke saurin yin sanyi, babba sai a hankali. Yaran da suka fara da kwalba su ne kifinsu ke mutuwa cikin mako guda su ce abin ba sa'a.

Auta: Na gode Yaya. Kun ji ko?

Kawu: Na ji, kuma ban musa ba. Amma ɗan Tech, amoniyarka ba ta rage wa ruwa nauyi ko kilo ɗaya.

Yaya: Gaskiya ne Kawu, maganar bene kun ci. A sauko da shi ƙasa, kan daɓen siminti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce girman ne matsala.

Baffa: Girman ne mana, ɗana, sai dai ba ta inda kuke kallo ba. Ni a Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, walda nake, amma na sha yi wa masu gilashi teburi, na ga abin da ke fasa musu aiki. Ba tsawo ke fasa tanki ba, zurfi ne. Ruwa mai zurfin santimita 80 yana tura gilashin gaba mai mita 2 da ƙarfin kilo 640. Mai da zurfin 50, sai ya koma kilo 250. Dubi yadda ɗan ƙarin nan ya ninka abu fiye da sau biyu. Shi ya sa naka sai gilashi mai kaurin milimita 15 zuwa 19, da maɗauri a sama. Mai 19 ɗin kowace murabba'in mita kilo 47 da rabi ce, fefe ɗaya na gaba ya kai kilo 76. Da wa za ka ɗaga shi ka riƙe a tsaye silikon na bushewa? Da abokanka na makaranta?

Auta: Mu huɗu ne, Baffa.

Baffa: Ku huɗun wa ya taɓa haɗa ko da na lita 50? Aikin silikon hannu ne. Kumfar iska ɗaya ta maƙale a haɗin ƙasa, ba za ka gan ta ba sai wata uku, da tsakar dare. Kuma ba kowane silikon ba, na banɗaki akwai maganin funfuna a ciki, yana kashe kifi. In an ba ka gilashin da aka gasa, ka sani ba ya yankuwa ba ya hudawa, da ka taɓa shi sai ya zama tsakuwa. Teburin ma in ya karkace kaɗan, gilashin ƙasa ne zai biya.

Goggo: Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Kifin da ba za a sa a miya ba, a kashe masa kuɗi haka? Mu nan unguwar Nima a Accra in famfo ya yi kwana biyu bai zo ba, yara ne ke yawo da jarkokin da ake kira galan Kufuor. Ruwan sha muke nema, shi yana neman na kallo.

Malam: Hajiya, a bar batun halacci a gefe, babu laifi a ciki. Ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana ba, har ya tambaye shi labarin tsuntsun. Malamai da wannan suke kafa hujja. Amma akwai ɗaya hadisin, na matar da ta tsare kyanwa ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, ta shiga wuta a kanta. Duk abin da ka tsare, haƙƙinsa ya hau wuyanka. Tambayata ga yaron ita ce, zai iya ɗaukar haƙƙin?

Auta: Zan iya, Malam, in sha Allah.

Anti: Za ka iya? To bari in taya Goggo da lissafi. Yaya, kashi nawa ake canzawa na ruwan?

Yaya: Kamar kashi ɗaya cikin huɗu, duk mako ko mako biyu, gwargwadon yawan kifin.

Anti: Lita 320 ke nan, galan 13 na lita 25. Cika shi karon farko kuwa galan 51. Kuma ruwan famfo na madatsun Barekese da Owabi da kulorin yake zuwa, sai ka tara shi ya kwana ko ka sayi maganin cirewa. A ina za ka tara? A Polytank ɗin Mma? Shekararka 16, baɗi WASSCE, jarrabawar gama sakandare. Ni na san Asabar ɗin wanda zai rubuta WASSCE, ba ta da sararin galan 13. In Allah ya sa ka ci aka kira ka jami'a a Tamale ko Cape Coast, wa zai gaji aikin? Tankin da ba ya fita ta ƙofa.

Yaya: Anti, wannan kuma kin matsa masa. Da tiyo ake yi, ba da galan ba, ruwan da aka cire kuma a ba shuka.

Anti: Wace shuka a Aboabo?

Kawu: Ku ƙara da wuta. Famfon matata ba ya hutawa dare da rana. In mai wat 80 ne, a wata ya sha yunit 57 da ɗoriya, ban da fitila, kuma kati ɗaya gidan ke sa wa mita. Ka manta dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 don kana ƙarami. Wuta ta ɗauke awa goma sha biyu, bakteriyar Yayanka su fara mutuwa a cikin matata don babu ruwa mai gudu.

Yaya: Nan ma babba ne ke cin riba, Kawu, muddin bai cika shi da kifi ba. Ruwa mai yawa da kifi kaɗan ya fi jure ɗaukewar wuta. Kuma akwai ɗan famfon iska mai batir.

Kawu: Yaron da ya gina mita 2 zai sa kifi kaɗan? Ka san ƙanenka kuwa?

Goggo: Ba a Jamus ba ne wani ya fashe a otal, muka gani a waya?

Yaya: AquaDom ne a Berlin, 16 ga Disamba 2022. Lita miliyan ɗaya, kifi kusan 1,500. Amma Goggo wancan tsayinsa wajen mita 16 ne, kuma ba gilashi ba ne, roba ce mai kama da shi. Ba a haɗa su.

Goggo: In na injiniyoyin Jamus ya fashe, na yara huɗu fa?

Baffa: Ni ga shawarata. Akwai farin tankin nan mai kejin ƙarfe, lita 1,000, ana samun na hannu. A nemi wanda aka zuba kayan abinci a ciki, ba sinadari ba, a yanke samansa a ajiye a tsakar gida. Ya zuba tarwaɗa, ita tana shaƙar iska daga sama, ko wuta ta ɗauke ba ruwanta. Wata shida ya sayar ya mai da kuɗinsa. Ga babban ruwan da yake so, babu gilashin da zai fashe.

Goggo: Yauwa! Wannan ita ce maganar manya.

Auta: Baffa, ku yi haƙuri, ba kasuwanci nake so ba. So nake in gan su ta gefe. Ranar da makaranta ta kai mu tafkin Bosomtwe aka ce mana akwai kifin da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tafkin. Kuma uwar karfasa a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, in ta ga haɗari 'ya'yan su koma bakin. Wannan nake so in gani da idona, ba zan gan shi ta saman farin tanki ba.

Yaya: To ai wannan ba ya bukatar zurfin 80. Santimita 120 da 50 da 50, lita 300 ne, gilashin milimita 10 ya isa, mutum biyu sun ɗauka. Ya riga ya wuce girman da ƙaramin kuskure ke kashe kifi. Ni daga nan ne sauƙin da nake karewa yake tsayawa, abin da ya haura sai wahala ta riƙa cinye shi.

Kawu: Ashe mun haɗu.

Yaya: Ba mu haɗu ba tukuna, Kawu. Ku lita 50 kuke so ku ba shi, na sani.

Kawu: In ya riƙe 50 shekara guda ba a yi jana'iza ba, ni zan zuba masa daɓen babban kyauta.

Yaya: A 50 ɗin ne za a yi jana'izar.

Mma: Ya isa haka. Sama dai babu, ko cokali ɗaya na ruwa. Akwai wuri ƙarƙashin matakala, Kawunku ya zo Asabar bayan Azahar da tef ya auna, abin da ya shiga shi ne girman. Kuɗin wuta a aljihunka, Auta, kuma in sakamakon zangon nan ya faɗi, Goggonka za ta samu abin miya. Na karanta wa Kaka duk abin da kuka rubuta, ta ce kafin Asabar a janye mata gado zuwa ɗaya bangon, don ba ta yarda da ku ba duka.

Auta: Na gode Mma. Kawu, in wurin ya ɗauka, zurfin zai iya kai 60?

Kawu: Ka bari in zo da tef ɗin.