A ba mai digiri alli bayan horon wata uku? Muhawara kan ƙarancin malamai

Injiniya: Assalamu alaikum. Jiya na je ta'aziyya garinmu, na leƙa sakandaren gwamnati da na yi. Shekara biyu ke nan ba su da malamin fiziks, ga 'yan ajin ƙarshe WAEC na tunkaro su. A garin kuwa na san yara huɗu masu digirin kimiyya da injiniya suna zaune, ɗaya yana sana'ar POS a bakin tasha. Ni dai ra'ayina a ɗauki irin waɗannan, a yi musu horon wata uku, a ba su aji. Su yi PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, suna cikin aiki, lasisin TRCN, hukumar rajistar malamai, ya biyo baya. Sharaɗin nan na sai mai NCE, takardar kwalejin ilimi, ko digirin ilimi, shi ke barin azuzuwanmu babu kowa.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Yaya Injiniya, idan na karanta littafinku na wata uku, za ka bari in zana maka gada?

Injiniya: Ba ɗaya ba ne, Malama. Yaron nan ya san fiziks ɗin, hanyar isarwa kawai ta rage masa.

Maman Ummi: To ai hanyar isarwar ita ce aikin. Shekarata goma sha huɗu a aji ɗaya na firamare. Yaro ɗan shekara shida zai zo bai taɓa riƙe fensir ba, ga su sun fi ɗari a gabana, tsarin ilimi na ƙasa kuwa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35. Sanin wane harafi za ka fara da shi, yadda za ka haɗa "b" da "a" yaro ya ji "ba" a bakinsa, yadda za ka gane wanda yake bin baki kawai ba karatu yake ba, duk wannan ilimi ne mai zaman kansa. An taɓa turo mana wani ɗan N-Power mai digiri, yaro mai natsuwa da son aiki. Ranar farko ya cika allo da rubutu ya ce su kwafa. Yara suka fara kuka, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya nuna masa.

Baba Hedimasta: Ku bar tsoho ya sa baki, don abin da Injiniya ke nema mun taɓa yin sa, ni kuma a cikinsa na shiga koyarwa. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta buɗe UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi lissafi. Aka buɗe kwalejojin horon malamai a gurguje, aka ɗauki waɗanda ba su gama ƙwarewa ba aka ba su aji. A shekarar ce aka kafa NTI, cibiyar horon malamai ta ƙasa, a Kaduna domin malami ya ci gaba da karatu daga inda yake aiki. Da UBE, shirin ilimin bai-ɗaya, ta zo a 1999 ma aka sake yin gajeren horo na gaggawa ga waɗanda suka gama sakandare.

A cikinmu akwai waɗanda suka zama malamai na gaske, akwai waɗanda har suka yi ritaya ba su iya ba. Na daɗe ina tunanin abin da ya raba mu, kuma ban ga takarda ce ba. Ni Allah ya haɗa ni da hedimastan da kowace safiya sai ya duba tsarin darasina ya sa jan biro. Yakan zauna a bencin baya ya saurare ni, bayan an tashi ya ce, "Ka yi tambaya ka amsa wa kanka sau biyar yau." Shekara guda yana yi mini haka. Abokina da aka kai wani ƙauye shi kaɗai, shi ne malami shi ne hedimasta, wa zai gyara masa?

Injiniya: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ai maganarka goyon bayana take yi. Kai ma ta gajeriyar hanya ka shigo. Kuma mu faɗi gaskiya, a 2017 da aka yi wa malaman firamare jarrabawa a Kaduna, 21,780 cikin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba, tambayoyin kuwa na 'yan aji huɗu ne. Takardar ta hana?

Malamin Lissafi: Yallabai, a yi adalci. Makin da aka sa 75 ne cikin ɗari, kuma ƙungiyar malamai ta NUT ta yi jayayya da yadda aka shirya jarrabawar. Ban ce duka sun cancanta ba. Amma idan kwaleji ta yaye wanda bai iya ba, ko ɗan siyasa ya cusa ɗan unguwarsu a aikin, gyaran yana kwalejin da wurin ɗaukar aiki. Ba za a ce tunda wasu masu lasisin tuƙi suna haɗari a daina koyon tuƙi ba.

Abin da ya fi damuna ma wani ne daban. Wa ya ce babu masu NCE? Ƙanwata ta gama shekara biyar da suka wuce, tana koyarwa a matsayin malamar PTA, wato wadda ƙungiyar iyaye da malamai ke biya, abin da ake ba ta ko kuɗin mota bai isa ba. Irinta suna nan birjik. Malamai suna ritaya suna mutuwa, ƙananan hukumomi da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba sa cike gurbin. Shi ya sa a 2022 aka yi dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki. Idan aka buɗe ƙofar wata uku alhali masu takarda suna layi, tsorona gwamnoni su ga sun sami malamai masu araha.

Ɗan Damagaram: Sallama gare ku 'yan uwa. Tsoron Malam ba na banza ba ne, mu a Nijar mun gani. Tun wajen 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya suka koma 'yan kwantaragi, da ɗan horo kaɗan ko babu, kuɗinsu ƙasa da na ma'aikacin gwamnati. Gaskiya lakwal, wato makarantar boko, ta isa ƙauyukan da ba ta taɓa zuwa ba, ƙauyenmu na ciki, ba zan yi butulci ba. Amma abin da aka ce na wucin gadi ne sai ya zauna, har 'yan kwantaragi suka zama su ne mafi yawa a firamare. Yajin aiki kan bashin albashi ya zama na kowace shekara. A 2017 mu ma aka yi musu jarrabawa, aka sallami da yawa. Wanda aka ɗauka ba horo, shi aka zo aka kora don bai da horo.

Injiniya: Na ji wannan, ya kuma taɓa ni. Amma a Amurka akwai Teach For America, tun 1990 suke tura masu digiri makarantun talakawa, horon da suka yi suna da shi na mako biyar ne.

Malamin Lissafi: Alkawarinsu na shekara biyu ne, kuma babban ƙorafin da ake yi a can shi ne da yawa suna tafiya daidai lokacin da hannunsu ya fara faɗawa. N-Teach ɗinmu, ɓangaren koyarwa na N-Power, ma shekara biyu aka tsara, alawus naira 30,000. Da aka yaye su, azuzuwan suka koma yadda suke.

Maman Ummi: Yaya, ni zan rage maka hanya. A babbar sakandare, fiziks da kemistiri da lissafi, inda da gaske masu takardar ilimi ba su da yawa, na yarda a ɗauki yaran nan naka. Amma da cikakken albashi, a haɗa kowane da tsohon malami na shekara guda, a sa masa wa'adin gama PGDE, in ya wuce ya ajiye alli. Aji ɗaya zuwa uku na firamare kuwa, don Allah a bar wa waɗanda suka koya.

Injiniya: Makarantar da nake magana ba tsohon malamin fiziks ɗin da za a haɗa shi da shi. Shi ne asalin matsalar.

Baba Hedimasta: Ba sai malamin fiziks ba, ɗana. Wanda ya gyara ni malamin Larabci ne, bai san abin da nake koyarwa ba, amma yana ganin fuskar yara ya san sun ɓace. Garin naku ba nisa da ni, gwiwa ce kawai ke damuna. Idan mutanen gari za su iya haɗa wa mai POS ɗin nan abin da zai riƙe shi kafin gwamnati ta waiwayo, ka yi magana da firinsifal ya nemi izinin ofishin ilimi na shiyya. Ni zan zauna masa a bencin baya Litinin da Alhamis.

Malamin Lissafi: Baba, ka ga an sake samun malamin PTA ke nan. Ƙanwata fa?

Injiniya: Zan kira firinsifal gobe in sha Allahu. Malam, turo mini darasin da ƙanwar taka ta karanta, in tambaya har da ita.