Bangon katako ya yi ƙarfi amma gocewar hawa ta wuce iyaka

Sabon shiga:
Salam manyan injiniyoyi. Ina aiki a wani ofishin zanen gini a Kalifoniya, an ba ni gidan katako mai hawa uku, kun san nan ba bulo suke gini da shi ba irin namu. Bangon da zai tare girgizar ƙasa ƙarfinsa ya isa wlh, amma da na lissafa yadda saman hawa zai goce daga ƙasansa sai ya wuce iyaka. Tsayinsa ƙafa 10, faɗi ƙafa 4. Na ƙara ƙusoshi abin bai wani ragu ba. Ina zan duba dan Allah?

Tsohon hannu:
Wa alaikassalam ƙanena. A ASCE 7, littafin ƙa'idar nauyin da gini zai ɗauka a Amurka, bangon filawud ko OSB (allon ɓarɓashin katako da aka manne) Cd ɗinsa, wato adadin da ake ninka gocewar da ka lissafa da shi, 4 ne, iyakar kuma yawanci 0.02 na tsayin hawa, wato inci 2.4 a ƙafa 10, ka raba da 4 ka ga inci 0.6 kacal ke hannunka a gidan zama. Toh lissafin gocewa a SDPWS, ƙa'idar ginin katako kan iska da girgizar ƙasa, kashi uku ne, lanƙwasar ginshiƙan gefe, sai allo da ƙusoshinsa, sai sakin ƙarfen da ke daddale bango da ƙasa, holdawun ɗin nan. Na ƙarshen shi ke cin mutane a siririn bango don ana ninka shi da tsayi bisa faɗi, naka 2.5 kenan. Ya saki inci 1/8 kawai ka tashi da inci 0.31, rabin kasonka ya tafi tun ba ka taɓa ƙusa ko ɗaya ba.

Injiniya daga Kanada:
Gaskiyar Yallaɓai ne. Kuma sakin ba na ƙarfen kaɗai ba ne fa, katako in ya bushe yana tsukewa, na ƙasan da ginshiƙi ke dannewa ma yana lotsawa, duk ka haɗa su. A hawa uku gara rodi mai zarcewa har sama da abin da ke ɗaure kansa in katako ya tsuke. Ka kuma tabbatar ba ka ninka nauyin girgizar da 0.7 don rage shi ba, gocewa da cikakken nauyi ake lissafa ta.

Sabon shiga:
Allah ya saka da alheri. Na duba, holdawun ɗin ne kuwa. Faɗaɗa bangon zuwa ƙafa 6 zai kashe maganar amma mai zanen gidan ya kafe a kan tagarsa, gobe zan kai masa lissafin ya gani da idonsa.