Bitar ɗa'ar aiki ga ma'aikata 40: me za a koyar, yaya za a tsara yinin?

Ɗan Garki:
Assalamu alaikum. An ɗora wa sashenmu shirya bitar yini ɗaya kan ɗa'ar aiki ga ma'aikata 40 a wata hukumar tarayya nan Abuja. Akwai 'yan sashen kwangila, na kuɗi da na ɗaukar ma'aikata. Abin da ya fi damun shugabanni shi ne inda amfanin ma'aikaci ke cin karo da aikin ofis: ƙani na neman kwangila, uwargida na da kamfani, ɗan kwangila na aiko rago da Sallah. Don Allah masu sani, me ya kamata a koyar, kuma yaya za a yi kada a tashi da shayi da satifiket kawai?

Barista Jabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na biyar, kashi na ɗaya. Ka buga wa kowa kwafi ya riƙe, shafuka kaɗan ne. Sakin layi na 1 ya hana ma'aikaci jefa kansa a inda amfaninsa zai ci karo da aikinsa. A lura da kyau: ba sai an ci kuɗi ba, shiga halin kaɗai ya isa laifi. Nan ne akasarin mutane ke tuntuɓe, sai ka ji ana cewa "ai ƙanena ne ya fi kowa sauƙin farashi". Ko da haka ne, bai kamata kana cikin zaman da aka zaɓe shi ba.

Na 2 ya hana cin albashin ofishin gwamnati biyu, ya kuma hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Na 13 kuwa shi ya kamata a fi jaddadawa: abin da ka yi ta hannun wani, mata ce, ɗa ne ko amini, doka ta ɗauka kai ka yi. Saka sunan uwargida a takardun kamfani ba mafaka ba ne.

Sai hukunci. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na iya sauke mutum daga kujera, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace dukiyar da aka tara ta hanyar ofis. Dokar ICPC (hukumar yaƙi da cin hanci) ta 2000 ta ƙara nata: sashe na 19, amfani da ofis don fifita kai ko ɗan uwa ko abokin hulɗa, ɗaurin shekara 5 babu zaɓin tara. Sashe na 12, mallakar kaso a kwangilar da ta fito daga ofishinka, shekara 7.

Hajiya Uwar Biyu:
Barista ya kawo dokar, amma Malam kada ka bar ta ta cinye yinin. Minti 45 ya ishe ta. In aka wuce haka, kowa zai koma kan wayarsa.

Ka raba su rukuni biyar, mutum takwas-takwas, kuma ka gauraya sassa. Kada ka haɗa ƙaramin ma'aikaci da maigidansa na kai tsaye a rukuni ɗaya, don ba zai buɗe baki ba. Kowane rukuni a ba shi matsala ɗaya a rabin shafi, irin wadda suke gani kullum: sunan ɗan ƙanwar darakta ya fito cikin masu neman aiki kuma daraktan na cikin masu ganawa, jami'in da ke sa hannu a takardar kammala aiki ya karɓi rance a hannun ɗan kwangilar. Minti 20 su tattauna, minti 5 su faɗi matakin da za su ɗauka. Ba "daidai ne ko kuskure" ake tambaya ba, kowa ya san amsar wannan. Tambayar ita ce: wa za ka rubuta wa, yaushe, me za ka rubuta?

Matakan uku ne, a maimaita su har su zauna. Ka bayyana alaƙarka da lamarin a rubuce kafin a fara zama. Ka fita daga ɗakin, a kuma rubuta a bayanin zaman cewa ka fita da ƙarfe kaza, ka dawo da ƙarfe kaza. Sannan fayil ɗin ya bar teburinka gaba ɗaya. Wannan na ukun ake yawan mantawa: mutum ya fita daga zama, amma shi ya tsara sharuɗɗan kwangilar tun farko, shi kuma zai duba takardar biyan kuɗi daga baya. Faɗa wa oga da baki a baranda ba bayyanawa ba ne. Ranar da bincike ya zo, abin da ke cikin fayil kaɗai zai yi magana.

Bayan Azahar a ware awa guda don fom ɗin bayyana kadarori na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Ana cika shi da kama aiki, sai duk bayan shekara huɗu, sai lokacin barin aiki. Kurakuran da aka saba: barin tsohon asusun banki da aka daina amfani da shi, ɓoye fili a Kuje ko Lugbe wai don takardunsa ba su fito ba, rashin rubuta bashi, da rashin adana takardar shaidar miƙawa. Rubuta bashin kariya ce, domin shi zai bayyana inda kuɗin gini ya fito.

Ka jawo sashen ACTU na hukumarku, wato sashen yaƙi da cin hanci na cikin gida, tun wajen tsarawa, aikinsu ne. Makarantar ICPC da ke Keffi ma na horar da masu irin wannan bita. Kuma don Allah daraktoci su zauna har ƙarshe. In babba ya yi jawabin buɗewa ya fice, ya riga ya gaya wa na ƙasa matsayin abin a wurinsa.

Mai Fayil:
Ƙari kaɗan ga 'yan kwangila. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta wajabta wa mai neman kwangila haɗa takardar rantsuwa kan ko wani jami'in kwamitin kwangilar darakta ne a kamfaninsa, ko tsohon darakta, ko mai hannun jari. Ana karɓar takardar a cusa a fayil babu mai dubawa. A koya musu su shiga shafin CAC, hukumar rijistar kamfanoni, su duba masu kamfanin, su gwada da sunayen 'yan kwamiti. A kuma lura da kamfanoni uku masu adireshi ɗaya ko lambar waya ɗaya. Jami'in da aka samu da laifi a ƙarƙashin sashe na 58, ɗauri ne da bai gaza shekara 5 ba, babu tara, ga kora.

Ɗan Garki:
Allah Ya saka da alheri. Saura ragon Sallah, Barista. Na san nan za a fi ja.

Barista Jabi:
Sakin layi na 6 na jadawalin kundin tsarin mulkin ya raba gardama. Kyautar da ta fito daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati, doka ta ɗauke ta a matsayin saɓa ƙa'ida, sai in mai karɓa ya tabbatar da akasin haka. Abin da aka yarda da shi shi ne kyautar dangi da abokai, gwargwadon al'ada kuma a lokacin da al'ada ta sani. Wadda aka ba ka a taron hukuma ta hukumar ce. A mayar da ragon ranar da ya zo, da gajeriyar wasiƙar godiya, kwafi ɗaya zuwa ACTU. Ku tsara wasiƙar tun yanzu ku raba a wurin bitar, domin kunyar rasa abin faɗa ce ke sa da yawa su ɗaure shi a gida.