Ɗa a goye, aikin mutane a hannu: yaya kuke raba yinin?

Uwar Ɗaki: Assalamu alaikum 'yan uwa. Azumi na ƙaratowa, bayansa Salla, bayan Salla kuma bukukuwa, lokacin da mai sana'a ke samu, kuma lokacin da gida ya fi rikicewa. Kowa ta faɗi yadda aikinta ke tafiya da yara a gabanta: awa nawa, wane aiki a wane lokaci, me ke ɓaci kuma me ke jawo shi. Don Allah ban da “sai haƙuri”, wannan kowa ta sani. Lissafi muke so.

Tela ta Gwammaja: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da ke kayar da tela mai yara shi ne ƙirga yini kamar na tela mai shago. Ba ɗaya ba ne. Daga asuba zuwa bakwai da rabi na shirin makaranta ne. Keke na samun ki daga takwas zuwa sha biyu, sannan tukunya ta kira. Yara su dawo, a ci, a yi wanka, a tafi Islamiyya, ki ƙara samun awa ɗaya da rabi kafin magariba. Awa biyar da rabi ke nan, in akwai mai shan nono ki cire kashi ɗaya cikin uku.

Riga da siket marasa ado, daga yanka zuwa guga, suna cin awa uku zuwa huɗu. Mai duwatsu ko aikin hannu yini guda ce cur. To a mako kala shida ko bakwai ne iyakarki, a azumi kuwa biyar, domin la'asar ta koma ta kunu da ƙosai. Mako huɗu sau biyar, ashirin. Wadda ta karɓi kala arba'in ta riga ta yi wa mutum ashirin ƙarya tun kafin ta zare allura. Ni ina buɗe karɓar ɗinkin Salla tun Rajab, in lamba ta cika na rufe, ko ƙanwar maigida ce ta kawo.

Yanka a yi shi da safe, ido na gari, kuma a yi na mutum biyar ko shida a zama ɗaya. Kowane a ledarsa, da takardar suna da awo da ranar karɓa, a maƙala ɗan ƙyallen a jikin littafi kusa da sunan mai shi. Yankan dare shi ke kawo asara: turmi yadi shida ne, in kika karkace hannu ɗaya babu ragowar gyarawa, kuma ba lallai ki sami irin zanen a Kantin Kwari ba, atamfa na wucewa kamar kasuwar tumatir. Ɗinki kam ana iya yinsa da dare, in ya ɓaci a farke.

Kada ki sayar da keken ƙafa don kin sayi na lantarki. Ki tara aikin wibin (ɗaure bakin yadi da inji) da guga wuri ɗaya, da an kawo wuta ki bar komai ki yi su, dutsen gawayi kuma ya zauna a kusa. In za ki tashi daga keke ko na minti biyu ne, ki zame bel ɗin daga kan ƙafar, domin yaro ɗaya zai taka, ɗaya ya sa yatsa ƙarƙashin allura. Mayen ƙarfe ɗan ƙarami ya isa ya tsince miki fil da karyayyun allurai daga tabarma kafin mai rarrafe ya riga ki.

Maman 'Yan Biyu: Yaya Tela kin gama magana. A kayan gara abin da na sani shi ne jerin aiki ya fi saurin hannu. A fara da wanda ya fi daɗewa bai lalace ba: nakiya da cincin tun saura mako guda, sannan dubulan, sannan alkaki, kek a ƙarshe, ana gobe kai kaya. Alkaki ba ya son gaggawa, kwaɓinsa sai ya kwana ya yi tsami, don haka a kwaɓa da dare bayan yara sun kwanta. Ruwan sukarin dubulan da alkaki a matsa masa lemon tsami, in ba haka ba sukarin ya daskare ya yi fari a jiki.

Murzawa da naɗi ana yi da yara a kusa, har babba ta taya. Suya ce ba a yi. Kaskon mai a ƙasa, a tsakar gida, da ɗan shekara biyu yana yawo, wannan ba jarumta ba ce. A soya lokacin da suke makaranta, ko a ɗora kan abin da ya fi tsayinsu a rufe ƙofa, kuma ba a suya da goyo. Kuskuren da gajiya ke sa wa shi ne zuba cincin a bokiti a rufe da sauran zafinsa don a samu a kwanta. Zai yi gumi, ya yi laushi, bayan kwanaki ya canza wari. A baza a faranti ya huce sarai.

Sai babbar ɓarakar: fulawa, mai da sukarin sana'a su zauna a wani wuri dabam, da makulli in ya yiwu. Ludayi ɗaya na miya yau, gwangwani biyu na fanke gobe, ranar oda ki tarar galan ya yi rabi.

Malama Mai Lissafi: Ɓarakar da Maman 'Yan Biyu ta faɗa ita ce ta kuɗi ma. Asusu biyu: na sana'a da naki. Duk abin da mai saye ya turo ya faɗa na sana'a, ke kuma ki yanka wa kanki albashi na mako ki tura naki. Daga nan ne ankon biki, gudummawa da zubin adashi za su fita. Adashin da zubinsa ya fi ribarki jarinki yake ci, ranar ɗauka ki yi murna da kuɗin da dama naki ne na saro.

Wajen sa farashi mata da yawa kayan haɗi kawai suke ƙirgawa. Ki sa gas ko gawayi, leda da roba, kuɗin ɗan sahu zuwa kasuwa da dawowa, data, da ladan hannunki na awannin da kika yi. Oda kuma ba a fara ta sai an ba da abin da zai sayi kayan gaba ɗaya, ragowar kafin kaya su fita ƙofa. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga sun shiga, ko mai turowa na ta kira.

In sana'a ta kai a sa mata suna, rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ake yi, da ita za ki buɗe asusu da sunan. In abinci ne za ki ƙulla da tambari ki kai kantuna, akwai maganar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Kuma kada a manta zakkar kayan sayarwa: in sun kai nisabi suka shekara, kashi biyu da rabi cikin ɗari.

Maganar maigida: dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma a kansa take. Mu daina jin nauyin faɗin haka.

Hajiya Babba: Malama, gaskiya kika faɗa amma ki sassauta. A halin da ake ciki wace ce za ta ga babu kuɗin makarantar ɗanta ta ce jari ne ba ta taɓawa? Taimakon gida lada ne. Abin da zan ƙara kawai, a bambanta kyauta da rance tun a baki. In kyauta ce, daga albashin da kika ce ta fito. In daga jari ne, a ce “rance ne, na mutane ne a ciki”, a rubuta a gabansa cikin raha. Abin da ke kawo saɓani shi ne mace ta bayar tana murmushi, tana ƙirgawa a zuci. Kuma tun farko a yi magana a kan wa zai riƙa shigowa gidan, da ƙarfe nawa ake daina sallama. Magidanta da yawa ba sana'ar suke ƙi ba, dawowa su tarar da falo cike da baƙi suke ƙi.

Masu abokiyar zama, ku ɗora aiki mai nauyi a ranakun da ba ku da girki. Wannan gata ne da mai zaman ita kaɗai ba ta da shi, ko da ba za ku yarda ba.

Mai Alƙalami: Hajiya kin sa ni dariya. Namu na marubuta ya bambanta da naku, domin babu wanda ke ganin rubutu a matsayin aiki. Mai keke ana jin ƙararsa a ƙyale ta, mai rubutu kuwa “tana danna waya” ce. Shi ya sa lokacin rubutu sai wanda gida ke barci: bayan asuba kafin tashin yara, ko awa ɗaya bayan isha'i. Da rana a riƙa ajiye abin da ya faɗo a rai da muryar da ake naɗa a waya, ana wanke-wanke ana faɗa.

Kada ki fara sakin labari a WhatsApp ko manhajar karanta labarai ta Wattpad sai kina da shafi goma zuwa sha biyar a ajiye, gyararru. Masu karatu ba su san zazzaɓin yaro ba, musamman in sun biya kuɗin shiga. Ki yi alkawarin kwana uku a mako maimakon kullum. Wadda ke rubutawa yau ta saki yau, a nan ake ganin jaruma ta canza suna a tsakiyar littafi, ko wanda ya mutu a shafi na ashirin ya dawo yana gaisuwa. Ki ajiye ƙaramin littafi na sunayen taurari, shekarunsu da dangantakarsu.

Kowane shafi da kika gama ki tura wa kanki ta imel ko ki ajiye a Google Docs nan take. Wayar uwa ita ce abin wasan yara, kuma bokitin ruwa ba ya nisa. In littafin na kuɗi ne, ki sani za a fitar da shi ga waɗanda ba su biya ba, don haka kuɗinki na gaskiya shi ne wanda kika karɓa kafin ki saki.

Anti Mai Ƙunshi: Mu namu fita ne. Ƙunshin amarya, ja da baƙi, hannu da ƙafa, yana iya cin awa biyar, ƙawaye kuma kowa “ɗan kaɗan” take so. A yanke adadin mutane da lokacin tashi tun a waya, a karɓi kafin alƙalami. Mai shayarwa ta tafi da mai riƙe mata jariri, domin hannun da ke cikin lalle ba ya ɗaukar yaro. Ko a tatsa a bari a gida. Anti Nas, awa nawa yake yi?

Anti Nas: Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta da murfi yana kai awa huɗu a ɗaki, in ana tsananin zafi kada a jira hakan. A firij mai sanyi ba yankewa, kwana huɗu, amma da irin wutarmu kada a dogara da wannan lissafin. A ɗumama shi ta hanyar tsoma mazubin a ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. Wata shidan farko nono zalla ne, sana'a ba ta canza wannan.

Tunda an zo nan: baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana iya tayar da ƙuraje da ƙuna a fata, kada a yi wa yara ƙanana. Jarirai kuwa ko jan lallen a bar su, akwai yaran da ke da wata larurar jini ta gado da lalle ke iya fasa musu ƙwayoyin jini, kuma ba a gane su da ido.

Masu sabulu, ku nake roƙo. Soda da aka jiƙa kamar ruwa take. Kada a zuba ta a gorar ruwa ko ta lemo, kada a bar ta a ƙasa ta kwana tana hucewa. Yaron da ya sha, maƙogwaronsa take ƙonawa, wani ya shekara ba ya iya haɗiye abinci. In ta faru ba a sa shi amai, ba a tsaya ba shi manja, asibiti kai tsaye, a tafi da mazubin.

Hajiya Mai Turare: Allah ya tsare. Dahuwar turaren wuta ma a waje ake yinta, inda iska ke wucewa, ba a ɗakin da jariri ko mai asma ke kwana ba. Narkakken sukari ya fi mai mugun ƙuna domin manne wa fata yake. Ina yin dahuwa sau ɗaya a mako biyu, da yawa, a zuba a kwalba a rufe, dama turare sai ya kwanta yake daɗi. Sauran ranaku awo ne da ƙullawa, wanda ake yi ana sauraron hadda.

Aika kaya a ware masa rana biyu a mako. Ɗan sahu ɗaya amintacce ya kai tasha, ya karɓo lambar direba a tura wa mai kaya. Kwalba a naɗe ta da tsumma ko kwali, a manne murfin da salatif.

Hajiya Babba: Abu ɗaya ba a taɓo ba, 'yar fari. Da yawa sana'arsu na tafiya ne don yarinya 'yar shekara goma ta zama uwa ta biyu: ita ce goyo, ita ce wanke-wanke, ita ce aike. A koya mata, wannan gado ne, amma a yanka mata aiki mai iyaka bayan ta gama na makaranta, a riƙa ba ta ɗan ladanta, 'yan uwanta maza ma su ɗauki tsintsiya. In ciniki ya kai, a ɗauki babbar mace mai zuwa da safe ta tafi da azahar, a sa albashinta cikin farashin kaya.

Tela ta Gwammaja: Sai mai ciki. Daga wata na takwas a daina karɓar aikin da ke da rana, a mayar wa mutane kayansu ko a haɗa su da wata tela da kika yarda da hannunta, a sanar cewa sai bayan arba'in. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa kada ta hau keken ƙafa sai likita ya duba ya ce to. In an dawo a fara da rabin abin da aka saba, kala uku a mako, a ga yadda barcin jaririn yake tukuna.