Gasar tsallake shingaye a fili lokacin zafi: yaya ake kula da ƙuru (ƙaramin doki)?

Umman Yara: Assalamu alaikum. 'Yata za ta shiga gasar tsallake shingaye a fili da ƙurunta nan Ingila cikin Yuli, kuma an ce zafi zai haura digiri 30. Gudu ne na fiye da kilomita biyu, ga gangare ga kududdufi. Me za mu yi kafin gudun da bayansa?

Ɗan Barga: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shiri tun mako biyu kafin ranar ake fara shi, domin sai doki ya yi kusan kwana 14 yana aiki cikin zafi jikinsa ke sabawa. Idan da asuba kaɗai ake motsa shi, ranar gasa rana za ta kayar da shi. A riƙa fitar da shi da hantsi, a fara da ɗan lokaci, ana ƙarawa a hankali.

Zufar doki ta fi ta mutum gishiri nesa ba kusa ba, shi ya sa jikinsa kan rasa ruwa amma ƙishirwa ba ta dame shi. A sa masa babban cokali ɗaya na gishiri a abinci kullum, kada a bari sai ranar gasa. Kada a hana shi ruwa kafin gudu. Hatsi na ƙarshe ya ci awa uku zuwa huɗu kafin ya fita. Motsa jikin da ake yi kafin a shiga fili kuwa a rage shi da rabi, a jira a inuwa.

Likitan Dabbobi: Inda aka fi asara shi ne mintuna goman farko bayan ya tsallake shingen ƙarshe. A sauka nan take, a kwance majayi, a cire sirdi da abin da aka naɗe masa ƙafafu. Mutum biyu, ɗaya kowane gefe, su riƙa sheƙa masa ruwan ƙanƙara bokiti bayan bokiti: wuya, baya, ƙugu, cinyoyi. Zuba na rabin minti, a ja shi ya taka rabin minti, a sake. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 37.5 zuwa 38.5 ne. Bayan gudu yakan kai 40, idan ya wuce 41 a kira likita ana ci gaba da zuba ruwa. A tsaya idan ya sauko kusa da 39 kuma numfashi ya lafa. Kada a yafa masa jiƙaƙƙen tawul, zafi yake riƙewa.

Mai Sukuwa: Likita, mu dai abin da muka gada shi ne ba a watsa wa doki mai zufa ruwan sanyi, jijiyoyinsa na ɗaurewa. Kuma ba sai an share ruwan daga jikinsa ba?

Likitan Dabbobi: Alhaji, an bincika wannan sosai gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, kuma ba a ga ruwan sanyi yana ɗaure tsoka ba. Zafin da ya daɗe a jiki shi ne mai illa. Sharewa kuma ɓata lokaci ce, gara a ƙara zuba wani. Ya sha ruwa ma tun yana haki, ba ya kawo ciwon ciki.

Ɗan Barga: Hajiya, a gaya wa yarinyar alamun da za ta tsaya komai kusancin ƙarshe: idan ya fara bugun shinge da ƙafa, ko tuntuɓe, ko ya daina jin linzami, ko zufa ta ɗauke fatarsa ta bushe alhali yana huci. Ta ɗaga hannu ta janye. Ƙasa ma takan taurare a bazara, don haka ta rage gudu a gangare da kwana. Ita kanta ga hular kwano ga rigar kariya, sai ta sha ruwa tun safe, ta cire su da zarar ta sauka.